Zubi na biyu na ƙwaƙwalwar injin ƙyanƙyasar ƙwai da Arduino Nano

Injin farko da muka haɗa ba shi da kaya da yawa: Arduino Nano ɗaya, wato ƙaramin allon lantarki da ake zuba wa shiri, ma'aunin zafi da laima DHT22, rile mai baki biyu, wato makunnin da lantarki ke kunnawa da kashewa, da fitilu biyu, duk a cikin gawar tsohon firji. Shirin da muka zuba masa bai kai layi hamsin ba. In zafi ya sauka ƙasa da digiri 37.5 fitila ta kama, in ya haura ta mutu, lokaci-lokaci kuma moto ya karkata farantin ƙwai. A kan tebur ya yi aiki lafiya lau. Sai dai ƙwan kaza kwana 21 yake so ba dare ba rana, kuma a cikin kwanakin nan ne duk wani rauni ya fito fili. Waɗanda suka kwaikwayi haɗin suka zuba ƙwai sun dawo da ƙorafi kusan iri ɗaya. Gilashin rubutu yakan cika da wasu alamomi marasa kan gado. Lissafin kwana yakan koma ɗaya duk sanda wuta ta ɗauke. Rile yakan manne, fitila ta ƙi mutuwa. Mafi muni, na'urar takan sandare tana nuna 37.4 alhali cikin akwatin ya zama tanda. Waɗannan ne suka sa muka kwance komai muka sake.

Abin da ƙwai yake nema sananne ne. A akwatin da fanka ke juya iska, zafi ya tsaya a wajen digiri 37.5. Laima ta zauna tsakanin kashi 50 da 55 cikin 100 har kwana na 18, sannan a ɗaga ta zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. A riƙa juya ƙwan har kwana na 18, daga nan a bar shi ya huta. Ƙwan zabi da na talo-talo da na agwagwar Turawa sukan kai wajen kwana 28, na salwar gida kuwa 17 zuwa 18, don haka a sabon shirin mun bar adadin kwana a matsayin abin da za a zaɓa da maɓalli. Abu ɗaya da ya kamata mai haɗa irin wannan ya sa a ransa shi ne, ƙwai yana jure sanyi fiye da yadda yake jure zafi. Awa biyu a digiri 34 jinkiri kawai zai kawo, amma 'yan awanni sama da 40 sun isa su kashe abin da ke ciki. Duk inda muka rasa tabbas a cikin shirin, hukuncin shi ne a kashe wutar ɗumi.

Canji na farko, mun raba injin da wutar gari gaba ɗaya. Komai ya koma kan volt 12 daga batir, ita kuwa wutar gari ko sola aikinta cajin batirin kawai. Ɗumi yana fitowa daga fitilun birkin mota guda biyu masu watt 21, a haɗe gefe da gefe yadda in ɗaya ta ƙone ɗayar za ta riƙe akwatin kafin a lura. Biyun tare watt 42 ne, wato amp 3.5 in suna ci gaba ɗaya. Wannan ba aikin siraran wayoyin gwaji masu launi ba ne, narkewa za su yi. Mun ja waya mai kauri milimita 1.5, da fiyus na mota mai amp 7.5 dab da kan batir. Tsakanin fitilun da ƙwai mun kafa ɗan gwangwani, domin hasken da ke dukan ƙwai kai tsaye yana gasa na kusa ko da iska tana daidai. Fankar kwamfuta mai faɗin santimita 12 ita ce ke juya iskar, kuma da gangan muka haɗa ta kai tsaye da batir ba ta hannun Nano ba. Ko ƙwaƙwalwar ta mutu, iska ta ci gaba da zagawa.

Ita Nano ba mu ba ta volt 12 ta ƙafar VIN ba. Ɗan abin rage wuta da ke jikinta ƙarami ne, kuma batir da ke kan caji yana kaiwa volt 14.4. Bambancin duk zafi yake zama, a cikin akwatin da dama ɗumi ne aikinsa. Mun yi amfani da allon rage wuta LM2596 muka sauko da wutar zuwa volt 5 muka shigar ta ƙafar 5V. A nan a kula: yawancin waɗannan allunan suna zuwa a buɗe, abin da ya shiga kusan shi ke fita, kuma sai an murɗa ɗan sukurun da ke kan shuɗin akwatin nan zagaye goma ko fiye ta hagu kafin mita ta fara nuna sauyi. A saita shi da mita, a ga 5.0, kafin a jona shi da komai.

Sai maganar rile. Lissafi kaɗan ya nuna mana laifin namu ne. Irin rilen nan shuɗi da ke kan allunan Arduino, takardarsa ta ce zai buɗe ya rufe wajen sau 100,000 a ƙarƙashin kaya. In yana kunnawa sau ɗaya a minti, sau 1,440 ke nan a rana, sama da 30,000 a ƙyanƙyasa ɗaya. Zubi uku ya cinye rayuwarsa. Ga shi zaren fitila in yana da sanyi yakan ja wuta ninki kusan goma a daidai lokacin da aka kunna, kuma wannan fizgar ce ke narka bakin ƙarfen har ya manne. Mun cire shi muka sa MOSFET, wani irin transisto da ke aikin makunni amma ba shi da abin da ke motsi. Na farkon da muka gwada IRF520 ne, mai zuwa a kan jan allo an rubuta wai na Arduino ne. Cikin minti kaɗan ya yi zafin da yatsa ba ya iya zama a kai. Dalili, shi volt 10 yake so a ƙofarsa kafin ya buɗe sosai, Nano kuwa 5 take da shi, kuma ko ya buɗe ɗin yana da turjiya ta ohm 0.27, wanda a amp 3.5 ya haura watt 3 na zafi. IRLZ44N shi ne daidai. Harafin L ɗin nan ne ke nuna volt 5 ya ishe shi, turjiyarsa a nan wajen ohm 0.025 ce, zafin bai kai rabin watt ba. A duba rubutun da kyau a shago, don IRFZ44N ma yana nan, kamarsu ɗaya, amma ba aikinsu ɗaya ba. Haɗin shi ne: ƙafa ta 9 ta Nano ta bi ta rizista ohm 220 zuwa ƙofar MOSFET, sannan rizista 10k daga ƙofar zuwa nagatib. Wannan ta biyun ita ce ke riƙe fitila a kashe a 'yan daƙiƙun da Nano ke farkawa, lokacin da ƙafafunta ke shawagi ba su san inda suka nufa ba.

Samun MOSFET ya ba mu damar barin tsarin kunna-kashe. Da rile, zafi yakan wuce inda ake so saboda gilashin fitila da gwangwani suna ci gaba da fitar da ɗumi bayan an kashe, sai a ga yana lilo sama da ƙasa. Yanzu ƙafa ta 9 tana yanka wutar sau 490 a daƙiƙa, ƙarfin kuma daga 0 zuwa 255. Ƙa'idar mai sauƙi ce. In zafi ya gaza da digiri ɗaya ko fiye, fitila ta ci gaba ɗaya. In ya gaza da rabin digiri, ta ci rabi. A kan wannan muka ƙara wani ɗan lissafi da ke taruwa a hankali, wanda ke cike ragowar giɓin, in ba haka ba zafin zai tsaya a 37.2 ya ƙi ƙarasawa. Wannan mai taruwar sai an yi masa iyaka. Ranar da muka bar ƙofa a buɗe minti biyar muna gyaran faranti, ya taru ya cika, muna rufewa ya tura zafin sama da 38.5 kafin ya sauko. Yanzu ba ya taruwa sai giɓin ya yi ƙasa da digiri ɗaya, kuma ba ya wuce 120. Idan komai ya daidaita, fitilun ja-ja kawai suke yi kamar garwashi, ba sa walƙiya.

Ma'auni shi ne inda muka fi daɗewa. DHT22 ba shi da laifi a kuɗinsa, amma kuskurensa na iya kai rabin digiri, ba a karanta shi sai bayan daƙiƙa biyu, kuma wani lokaci yakan dawo da abin da ba lamba ba, wanda shirin ke kira NaN. Matsalar NaN ita ce duk tambayar da aka yi masa amsar a'a ce. In an rubuta cewa a kashe fitila idan zafi ya fi 37.5, to NaN bai fi 37.5 ba, don haka fitila ba za ta mutu ba har abada. Wannan kaɗai ya isa ya dafa ƙwai. DHT11 kuwa, ɗan shuɗin, kada ma a fara, kuskurensa digiri biyu ne. Mun raba aikin biyu: DS18B20 mai rigar ƙarfe ya riƙe zafi, SHT31 ya riƙe laima, kuma tunda shi ma yana auna zafi sai ya zama mai shaida. In su biyun suka saɓa da fiye da digiri ɗaya na tsawon minti biyu, ƙararrawa ta yi kuka.

DS18B20 yana da halayensa. Sai da rizista 4.7k tsakanin wayar bayani da volt 5, in babu ba zai yi magana ba. Yana buƙatar kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa kafin ya gama awo mafi daidaito, kuma laburaren DallasTemperature, wato shirin da aka riga aka rubuta don karanta shi, yakan tsayar da komai ya jira shi, sai an kira `setWaitForConversion(false)` a nemi awo yanzu a dawo a karɓa bayan daƙiƙa ɗaya. Lambobi biyu kuma ba zafi ba ne, saƙo ne. In ka ga 85 cif, ma'aunin ya farka ne bai kai ga yin awo ba, galibi saboda wutarsa ta yi rawa. In ka ga -127, waya ta tsinke ko ta kwance. Ta biyun nan ita ce mai haɗari, don shirin da bai san ta ba zai ɗauka akwatin ya daskare ya buɗe wuta gaba ɗaya. Yanzu duk awon da ya fita daga tsakanin 10 da 50 ana jefar da shi. In aka jefar sau biyar a jere, fitila ta mutu, ƙararrawa ta tashi, gilashi ya rubuta cewa a duba ma'auni.

Jabun DS18B20 sun yi yawa a kasuwa, musamman masu rigar ƙarfe, don haka ba mu yarda da kowanne ba sai mun gwada. Mun sami ma'aunin zazzaɓi na asibiti guda biyu, waɗanda aikinsu ke nan tsakanin 35 da 42, muka zuba ruwa mai ɗumi a filas, muka ɗaure kawunansu tare da namu da roba, muka motsa ruwan muka jira ya natsu. Bambancin da aka samu shi ake rubutawa a shirin a matsayin gyara, kuma kowane ma'auni da nasa. Na laima kuma da gishirin girki ake gwada shi. A cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa har ya jiƙe kamar yashin bakin rafi ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin roba mai murfi ya kwana. Iskar ciki za ta tsaya a kashi 75. Abin da ma'aunin ya nuna sama ko ƙasa da haka shi ne kuskurensa. Wurin ajiye ma'auni ma magana ce: daidai tsayin saman ƙwai, a tsakiyar faranti, ba ya taɓa bango ba ya kallon fitila.

Lissafin kwana mun ɗauke shi daga hannun `millis()`, mai ƙidayar lokaci na cikin Nano, wanda ke komawa sifili da zarar wuta ta yanke. Dabarar da ta fara zuwa mana ita ce a riƙa ajiye lokaci a EEPROM ta cikin Nano, ma'ajiyar da ba ta mantuwa ko wuta ta yanke, amma kowane gurbi nata rubutu wajen 100,000 yake ɗauka. In ana rubutawa duk daƙiƙa, awa 28 ta ƙare shi. Mun sa agogon DS3231 mai nasa batirin. Ranar da aka zuba ƙwai a danna maɓalli na daƙiƙa biyar, Nano ta rubuta lokacin farawa sau ɗaya tak. Daga nan kwana shi ne lokacin yanzu a cire na farawa, a raba da 86,400, wato daƙiƙun kwana ɗaya, a ƙara ɗaya. Ko an kashe injin an kunna sau ɗari lissafin yana nan. Wani abu game da allon agogon nan mai araha: yana da dayod da rizista ohm 200 da ke ƙoƙarin cajin batirin, alhali batirin CR2032 da kowa ke sawa ba a cajinsa. Kan volt 5 yakan kumbura. Da bakin ƙarfen dalma muka ture rizistar, shi ke nan.

A wajen juyi ne muka yi kuskuren da ya fi ba mu kunya. Mun rubuta tazarar awa biyu da milisakan kamar haka: `2 * 60 * 60 * 1000`. A ido daidai ne, 7,200,000. Amma a ATmega328P, ƙwaƙwalwar da ke kan Nano, lambar da ba a yi wa alama ba ba ta wuce 32,767, don haka lissafin ya zube ya koma -8,960, da aka zuba shi a `unsigned long`, gurbin da ba ya ɗaukar lamba ƙasa da sifili, kuma ya zama sama da biliyan huɗu, wato kusan kwana 50. Moton ba zai taɓa motsi ba har ƙwai ya gama abin da zai yi. Manhajar Arduino ba ta ce uffan ba, saboda gargaɗinta a kashe yake zuwa sai an kunna shi a saituna. Maganin haruffa biyu ne, a rubuta `2UL * 60UL * 60UL * 1000UL`. Shi kansa moton ƙarami ne mai giya na volt 12, ana juya shi gaba da baya ta allon tuƙa moto L298N, da makunnin iyaka biyu da ke tsayar da faranti a karkace digiri 45 kowane gefe. Mun auna tafiyar daga gefe zuwa gefe, muka ba shi ninki biyu na wannan lokacin a matsayin wa'adi. In wa'adi ya cika bai taɓa makunni ba, a tsayar da shi a yi ƙara, don wayar makunni in ta cire moton zai yi ta turawa har ya karya faranti. Daga kwana na 18 shirin yana kawo farantin tsakiya ya daina juyi.

Alamomin banza a gilashi da sandarewar na'ura, ashe uwarsu ɗaya. Gilashin 16x2, agogo da SHT31 duk suna magana da Nano ta wayoyi biyu na layin da ake kira I2C, wato ƙafafun A4 da A5, kowa da adireshinsa: gilashi 0x27 ko 0x3F, agogo 0x68, SHT31 kuma 0x44. A haɗin farko waɗannan wayoyin sun yi tafiya mai tsawo a ɗaure da na moto. Duk sanda moto ya tashi, tartsatsin cikinsa yakan shiga layin. In an yi sa'a gilashi ne kawai zai rikice. In ba a yi ba, laburaren Wire ya tsaya jiran amsar da ba za ta zo ba, shirin ya tsaya cak, ita kuwa fitila ta ci gaba da ci yadda aka bar ta. Abin da ya sa gilashi ke nuna 37.4 ƙwai na dahuwa ke nan. Mun gajarta wayoyin I2C zuwa ƙasa da santimita 30, muka raba hanyarsu da ta moto da ta fitila. Mun sa kondensa 100nF a kan bakin moton, wani a ƙafafun kowane ma'auni, da babba mai 1000µF a mashigar volt 12. Duk nagatib ɗin mun tara su wuri ɗaya a kusa da batir, maimakon wannan ya ratsa ta wancan. A shirin kuma mun kira `Wire.setWireTimeout(25000, true)`, wanda ke sa a haƙura da jira a sake saita layin.

Duk da haka mun ɗora mai gadi. A cikin ATmega328P akwai wani agogo mai zaman kansa da ake kunnawa da `wdt_enable(WDTO_8S)`. Shirin zai riƙa taɓa shi da `wdt_reset()` a kowane zagaye, in daƙiƙa takwas suka wuce ba a taɓa shi ba, ya sake tayar da Nano. A wuri ɗaya kawai ake sa wannan taɓawar, a ƙarshen zagaye bayan an karanta ma'auni an saita fitila. In aka warwatsa ta ko'ina, mai gadin ya zama ɗan kallo. Gwajin farko da muka yi, Nano ta faɗa wani hali, ƙaramar fitilarta na ƙiftawa da sauri, ba ta tashi ba kuma ba ta karɓar sabon shiri sai an cire wuta. Da yawa daga cikin Nano na kwaikwayo, masu CH340 a ƙasansu, suna zuwa da tsohon shirin tayarwa, shi ne wanda sai an zaɓi Old Bootloader kafin su karɓi shiri. Bayan mai gadi ya tayar da na'ura yakan zauna a kunne da wa'adi mafi gajarta, wajen milisakan 16, tsohon shirin kuma ba ya kashe shi, sai a yi ta tashi ana faɗuwa. Mun ɗauki wani Arduino muka zuba masa misalin ArduinoISP, muka jona ƙafafunsa 11, 12 da 13 da na Nano, ƙafa ta 10 zuwa RST, muka ƙona mata sabon shirin tayarwa mai suna Optiboot. Minti goma ne aikin, matsalar ta kau.

MOSFET in zai mutu, galibi a buɗe yake mutuwa, wuta na wucewa, kuma babu layin shiri da zai iya hana wannan. Saboda haka a kan wayar fitilun kanta mun sa makunnin zafi KSD9700, irin wanda yake barin wuta ta wuce sai ya ji zafi ya yanke ta. Waɗannan ba su da daidaito, suna iya kaucewa da digiri biyar, don haka mun sayi da yawa masu lamba 40 da 45, muka gwada su a ruwan ɗumi, muka zaɓi wanda ke yankewa kaɗan sama da 40 muka rataye shi a hanyar iska. Ba ya cikin aikin yau da kullum, ranar tsiya aka ajiye shi.

Laima ba mu ba ta wata na'ura ba. Faranti ne na ruwa a ƙasa, kuma abin da ke ƙara laima faɗin fuskar ruwan ne, zurfinsa ba ya ƙara komai sai daɗewa. Da hunturu, lokacin da laimar waje a Kano ko Damagaram ke faɗuwa ƙasa da kashi 20, faranti ɗaya ba ya isa, sai an ƙara na biyu da soso a tsaye a ciki. Da damina kuwa wani lokaci sai an rufe rabin farantin. Ruwan da za a ƙara ya zama mai ɗumi, ta tiyo daga waje, don kada a buɗe ƙofa. Alƙalin gaskiya a nan sikeli ne: a auna ƙwai goma tare ranar farko, zuwa kwana na 18 ya kamata su rage nauyi da wajen kashi 12 cikin 100. In sun rage fiye da haka laima ta yi kaɗan, in ƙasa da haka ta yi yawa, komai gilashi ya nuna.

Bazara ce ta kawo abin da tsarin da ake kwafowa daga ƙasashen sanyi bai tanada ba. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai yana haura 40, wato ɗakin ya fi abin da ƙwai ke so zafi, ga shi daga mako na biyu 'yan tsakin da ke cikin ƙwai su ma suna fitar da nasu ɗumin. Fitila a kashe take amma zafi na hawa. Mun sa ƙaramar fanka mai fitar da iska, sai muka ga da tsakar rana ƙara ɓata lamarin take yi, tana jawo iska mai digiri 41. Don haka muka ƙara DS18B20 na biyu a waje, a kan waya ɗaya da na ciki. Fankar ba ta tashi sai iskar waje ta fi ta ciki sanyi. In ba haka ba ƙararrawa ce za ta kira mutum. A kira kowane ma'auni da adireshinsa, kada a kira shi da lambar jeri, domin jerin yana bin adireshi ne, ranar da aka canza ɗaya na ciki zai iya zama na waje ba a sani ba. Abin da ya fi taimakawa ba lantarki ba ne: a ajiye injin a ɗakin ƙasa mai kaurin bango nesa da kwano, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gaban ramin shigar iska. Yadda randa ke sanyaya ruwa haka buhun ke sanyaya iskar, kuma yana aiki sosai kafin damina ta sauka.

Kafin a zuba ƙwai ko ɗaya mun bar injin ya yi kwana uku da robobin ruwa a madadin ƙwai, muna yi masa mugunta da gangan. Mun zare wayar ma'auni muka ga fitila ta mutu. Mun haɗa A4 da nagatib na ɗan lokaci muka ga ya farfaɗo. Mun cire batir na minti goma muka duba kwana. Mun riƙe makunnin iyaka muka jira wa'adi. Mun ɗora ma'aunin a jikin kofin shayi don jin ƙararrawar sama, wadda muka sa a 38.3, ta ƙasa kuma a 36.5. Batirin ma ana auna shi ta rizista 33k da 10k zuwa A0, ya yi gargaɗi a volt 11.9. A lissafi, in fitilun na cin kashi ɗaya cikin uku, da fanka da sauran kaya, jimilla amp ɗaya da rabi ne, batir mai 100Ah da ba a so a wuce rabinsa zai riƙe sama da awa 30. Bayan ƙyanƙyasa kuma ranar fitowa tana faɗin gaskiyar ma'auni: in 'yan tsaki sun fara fasa ƙwai tun kwana na 19 zafi ya yi yawa, in sun kai 22 ko 23 ya yi kaɗan, sai a gyara da 0.2 a zubi na gaba.

Abin da ke kan tebur yanzu shi ne saƙon waya idan ƙararrawa ta tashi ba kowa a kusa. SIM800L, ɗan allon da ake sa wa layin waya, muke gwadawa, kuma ya zo da nasa rigimar: wutarsa tsakanin volt 3.4 da 4.4 take, yana fizgar har amp 2 a lokacin da yake neman layi, don haka sai da nasa LM2596 a volt 4 da babban kondensa dab da ƙafafunsa, in ba haka ba ya yi ta mutuwa yana tashi. Wurin ajiya ma ya fara ƙaranci, don Nano baiti 2,048 kawai take da shi na aiki. Mun riga mun kori `String`, mai cin wurin ajiya, daga shirin, duk rubutun gilashi kuma mun nannaɗe shi da `F()` don kada ya zauna a nan. In ya ƙi isa za mu koma ESP32, allon da ya fi Nano wurin ajiya, amma ita ƙafafunta volt 3.3 suke bayarwa, wanda bai isa ya buɗe IRLZ44N sosai ba, sai an sa masa ƙaramin transisto a gaba, awon batir kuma dole ya koma ƙafafun ADC1 tunda na ADC2 ba sa aiki in Wi-Fi na kunne.